Tarar fakin mota a ƙasar waje: shin da gaske baƙo ya fi ɗan ƙasa biya?

Wani ɗan'uwa da ya koma zama ƙasar waje da iyalinsa ya aiko da tambaya. Ya ce cikin wata shida an ci shi tara sau uku saboda fakin mota, kuma ta ƙarshen ta kusa ninka sau uku abin da maƙwabcinsa ɗan ƙasa ya biya a kan laifi iri ɗaya, a layi ɗaya. Yana so ya sani: akwai wani farashi na daban da ake yanka wa baƙi ne, ko kuwa dai an ga baƙon suna an zalunce shi?

Malam, na fahimci zafin da kake ji, domin na shafe shekaru ina zama da baƙi irinka muna buɗe ambulan ɗin da aka ɓoye a ƙasan tabarmar mota ko aka tura bayan firiji don tsoro. Amsar a taƙaice ita ce, a ƙasashen da ke da tsarin tara a rubuce, kuɗin da ake rubutawa a takarda ɗaya ne ga kowa. Amma kuɗin da ke fita daga aljihu a ƙarshe, sau da yawa na baƙo ya fi yawa, wani lokaci ma nesa ba kusa ba. Waɗannan maganganu biyu duka gaskiya ne, kuma tsakaninsu ne matsalarka take.

Mu fara da wanda ya manna maka takardar. Jami'in da ke zagaya titi da na'urarsa a hannu bai san ka ba, bai ga fuskarka ba, bai ga fasfonka ba. Abin da ke gabansa lambar mota ce, da wurin da take tsaye, da agogo. Zai shigar da lambar, ya zaɓi lambar laifin daga jerin da ke cikin na'urar, ya ɗauki hoto uku ko huɗu, na'urar ta fitar da adadin kuɗin da kanta. Ba shi da hurumin ƙara ko kwabo. A birane irin Amsterdam ma an wuce nan: mota ce mai kyamarori a kanta take bi layi-layi tana karanta lambobi, kwamfuta ta duba wa ya biya wa bai biya ba. Sunan mai motar ba ya fitowa sai daga baya, lokacin da aka nemi adireshin da za a aika wasiƙa.

Shi kuma adadin, doka ce ta tsayar da shi tun kafin ka shigo ƙasar. A Jamus kundin tara ɗaya ne ga ƙasar baki ɗaya, wanda aka sabunta a watan Nuwamban 2021: wanda ya ajiye mota bai sayi tikiti ba zai biya daga yuro 20 zuwa 40 gwargwadon daɗewarsa, wanda ya tare gurbin masu naƙasa yuro 55. A Ingila, wajen Landan, tarar ƙaramar hukuma yawanci fam 70 ce a babban laifi, fam 50 a ƙarami. A cikin Landan kuwa babbar ta kai fam 160 tun Afrilun 2025. A Faransa tun ranar 1 ga Janairun 2018 kowane gari ke yanke kuɗin da zai karɓa daga wanda bai biya fakin ba, shi ya sa na Faris ya sha bamban da na ƙaramin gari, amma a cikin gari ɗaya ba a tambayar kowa asalinsa. A New York, ka tsaya kusa da famfon 'yan kwana-kwana, dala 115 ce, ko kakanka ne ya kafa birnin.

Akwai masu cewa ai a Finland ana cin tara ne daidai da samun mutum. Haka ne, shi ya sa wani babban jami'in kamfanin Nokia, Anssi Vanjoki, aka taɓa yanka masa yuro 116,000 saboda gudun wuce sa'a a kan babur. Amma wannan awon aljihu ne, ba awon ƙasar haihuwa ba, kuma ko a can tarar fakin tsayayyen kuɗi ce da ba ta duba albashi.

To daga ina ninkin naka ya fito? Ban ga takardunka ba, amma zan iya rantsuwa kan inda zan fara dubawa: kwanan watan da aka manna tarar, da kwanan watan da ka biya.

Kusan kowace ƙasa ta gina tararta kamar matakala. Wanda ya biya da wuri ana yi masa ragi, wanda ya yi jinkiri ana ɗora masa. A Ingila idan ka biya cikin kwana 14 rabi za ka biya. A Sifaniya rabi ne cikin kwana 20. A Italiya ana rage kashi 30 cikin ɗari ga wanda ya biya cikin kwana 5, don haka tarar yuro 42 ta zama 29.40. A Jamus ƙaramar tarar gargaɗi mako guda ake ba ka, idan ya wuce sai a buɗe maka fayil, a ƙara kuɗin hidima yuro 28.50, wanda sau da yawa ya fi ainihin tarar. A Faransa idan wata uku suka cika ba ka biya ba, ƙarin ba ya gaza yuro 50. A New York dala 10 bayan kwana 30, sai ƙarin 20 bayan kwana 60, sai ƙarin 30 bayan kwana 90, daga nan bashin ya zama hukuncin kotu, kuma idan irin wannan bashi ya wuce dala 350 ana iya garƙame maka taya ko janwe ta ja motar.

Ka ɗauki misalin Landan ka bi shi daki-daki, za ka ga labarinka a ciki. Kai da maƙwabcinka an manna muku fam 160 rana ɗaya. Shi ya san tsarin tun yana yaro yana ganin mahaifinsa na yi, a daren ya ɗauki waya ya biya fam 80 ya kwanta. Kai kuma ka ajiye takardar sai albashi ya shigo, ko sai ka sami wanda zai karanta maka. Kwana 14 suka wuce, ta koma 160. Bayan kwana 28 aka aika wa mai motar wasiƙa. Ba a ji daga gare ka ba, aka ƙara rabi, ta zama 240. Nan kaɗai ka ninka maƙwabcinka sau uku, ba tare da wani ya ko kalli sunanka ba. Idan aka ƙyale ta ci gaba, za a yi wa bashin rajista a kotu, a miƙa shi ga masu karɓar bashi, su kuma a ƙa'idar da aka kafa a 2014 wasiƙarsu ta farko fam 75 ce, ranar da suka buga maka ƙofa kuma ƙarin fam 235. Ka haɗa ka gani: abin da ya fara a fam 80 ya haura 550.

A nan ne nake so ka tsaya, domin wannan ita ce ramin da ya fi cinye baƙi, kuma ba sakaci ne ke jefa su ciki ba. Adireshi ne. Baƙo a shekarunsa na farko mai yawan tashi ne: wata uku a ɗakin aboki, wata shida a gidan haya, sai a sami wani mai sauƙi a koma. Yana canza adireshi a banki, a wurin aiki, a asibiti, har a lasisin tuƙi, amma ya manta da takardar mallakar mota. Alhali hukumar da ta ci ka tara ba banki take tambaya ba, ofishin rajistar motoci take tambaya, kuma duk adireshin da aka ba ta can za ta aika. A idon doka, wasiƙar da aka aika adireshin da ke rajista ta isa gare ka, ko da wani ne ya tsince ta ya jefa a shara. A Birtaniya canza adireshin lasisi daban, canza na takardar mota mai suna V5C daban, kowanne sai ka sanar da DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci, kuma rashin sanarwar kansa laifi ne da tararsa ke iya kaiwa fam 1,000. A Faransa wata ɗaya aka ba ka ka gyara adireshin katin motar.

Ba na manta wata baiwar Allah mai aikin kula da tsofaffi da ta zo mini da jaka cike da takardu, hannunta na rawa. Da asuba ta fito za ta tafi aiki ta tarar an ɗaure tayar motarta da ƙarfe, an manna takarda a gilashi. Ba ta taɓa ganin wasiƙa ko ɗaya ba. Da muka bi diddigi sai muka gano tara ce guda ɗaya tal, ta kyamara, wadda ba a manna a mota sai dai a aiko ta gida, kuma duk wasiƙun sun tafi wani gida da ta bari fiye da shekara. Abin da ta yi ta maimaita mini shi ne: “Wallahi Malam, da na gani da na biya.” Na kuma yarda da ita. Muka cike takardar rantsuwa cewa sanarwar ba ta same ta ba, muka haɗa da yarjejeniyar hayar sabon gidan mai ɗauke da kwanan wata, aka maido da maganar matakin farko. A Ingila waɗannan takardu su ne TE9 da TE7, ta biyun ta neman uzuri ce idan wa'adi ya wuce. Hanyar tana nan a buɗe, kyauta, amma mutum nawa ne cikin baƙi suka taɓa jin sunanta? Yawancinsu rance suke ci su biya, su tafi da tabon cewa an cuce su saboda launin fatarsu.

Abu na biyu shi ne baƙo ya fi shiga tarkon tun farko. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma ba inda wannan ya fi bayyana kamar bakin titi. Dokokin fakin ba a alluna kaɗai suke ba, rabinsu a kan mutanen gari suke. A Jamus akwai wani ɗan faifai shuɗi mai kamar agogo da ake ajiyewa a bayan gilashin gaba. Wurin kyauta ne, amma idan ba ka sa faifan ba, ko ba ka juya shi zuwa rabin awa na gaba ba, tara ta hau ka. A can kuma laifi ne ka faka motarka tana fuskantar masu tahowa, abin da direba a Ingila ke yi da rana ba wanda ya ce masa kanzil. A Ingila akwai unguwannin da allon lokaci yake a mashigar unguwar kawai, sai ka shiga can ciki ka ga layin rawaya ɗaya ba allo kusa, ka ɗauka ba komai. A Landan ɗora taya a kan dakalin masu tafiya a ƙasa haramun ne sai inda aka ba da izini, a wasu garuruwan Ingila kuwa ana yi. Edinbara, babban birnin Sikotilan, ta fara cin tarar fam 100 a kansa a Janairun 2024. A New York ranar sharar titi dole ka kwashe motarka daga wannan gefen. A Japan, a mafi yawan wurare, ba za a ma yi wa motarka rajista ba sai ka kawo shaida daga 'yan sanda cewa kana da wurin kwanar da ita. Duk wanda ya tashi a waɗannan wurare ya sha wannan ilimi da nono. Kai kuwa da kuɗinka kake sayensa, tara bayan tara.

Yanzu ga inda ake samun bambancin farashi na gaskiya, wanda yawancin mutane ke rikitawa da wariya. Birane da yawa suna fifita mazaunin unguwa a kan mai zuwa daga waje. Mazauni yana sayen izinin shekara ko na wata a kan kuɗi kaɗan, ya ajiye motarsa a layinsu. Wanda ba mazauni ba yana biya awa-awa, ko a hana shi baki ɗaya. Faris ce misali mafi fitowa fili: bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta 4 ga Fabrairun 2024, daga Oktoban wannan shekara aka ninka kuɗin fakin manyan motoci masu nauyi sau uku, har yuro 18 a awa a tsakiyar birni, amma mazaunin da ya faka a yankinsa da izininsa bai shiga ciki ba. Ka lura da kalmar: mazauni. Ba a ce ɗan ƙasa ba. Bafaranshen da ya shigo daga Liyon baƙo ne a wannan lissafi, kai kuma da ke haya a unguwar da katin zamanka ɗan gida ne. Abin da ake nema shaidar zama ce da takardar mota mai adireshin unguwar. Abin takaici, baƙi da yawa ba sa nema, wasu don ba su san suna da haƙƙi ba, wasu don sunansu ba ya kan takardar haya, wasu don motar na ɗauke da sunan wani ɗan'uwa a wani gari. Sai mutum ya shekara yana biyan kuɗin ɗan yawon buɗe ido a ƙofar gidansa. Idan layinku na masu izini ne, je ka nemi naka a makon nan. Mai yiwuwa wannan kaɗai ya kashe biyu cikin tara ukun da ka ambata.

Sai maganar lambar mota, wadda ita ce ta fi kama da abin da kake zargi. Doka a wurare da dama tana bambanta mota mai lambar ƙasa da mai lambar waje, tana kuma bambanta mai adireshi a ƙasar da marar shi. Dalilin bai ɓuya ba: wanda zai tsallake iyaka gobe, ina za a same shi? Shi ya sa a Sifaniya jami'i na iya neman wanda ba mazauni ba ya biya nan take, in ya ƙi a tsare motar, a Jamus kuma ana iya karɓar kuɗin jingina daga wanda ba shi da tsayayyen mazauni. Singafo tun Afrilun 2019 tana iya hana motar waje mai bashin tara shiga ƙasar. Wani lokaci irin wannan bambanci kan wuce gona da iri. Italiya ta taɓa yin dokar da ta ba mai lambar gida kwana 60 ya biya ko ya yi ƙorafi, shi kuwa mai lambar waje ko ya biya a take ko ya ajiye jinginar da ta ninka mafi ƙarancin tarar sau biyu. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2002 cewa wannan wariya ce da ta saɓa wa yarjejeniyar Tarayyar. Wannan kotu ce kuma a Yunin 2019 ta rushe shirin Jamus na kuɗin hanya, saboda an tsara shi yadda masu motocin Jamus za su sami ragin haraji daidai da abin da suka biya, nauyin ya faɗa kan baƙi kaɗai. Ina kawo waɗannan ne don ka san zarginka ba shirme ba ne, gwamnatoci sun gwada, an kuma taka musu burki. Amma duka biyun kan lambar waje ne. Kai da ke zaune a ƙasar da mota mai lambar ƙasar, wannan babi ba naka ba ne. Idan kuwa har yanzu da lambar waje kake yawo alhali ka zama mazauni, matsalarka ta fi tarar fakin girma, domin ƙasashe suna da wa'adin sauya rajista, kuma inshora na iya zame maka ranar da ka fi buƙatarta.

A gaskiya ma, shekaru da yawa ƙorafin a Turai a juye yake: 'yan ƙasa ne ke kukan cewa masu lambar waje suna faka inda suka ga dama su tafi ba a iya kama su. Tsarin musayar bayanan masu motoci na Tarayyar Turai na 2015 ya ƙunshi laifuka takwas irin su gudu da tsallake danja, babu fakin a ciki. Sai a gyaran 2024 aka shigar da fakin mai haɗari. Akwai kuma yarjejeniyar 2005 da ta ba da damar karɓar tarar da ta kai yuro 70 a wata ƙasar Tarayyar. Ƙofar tana ta rufuwa a hankali, kada wani ya ruɗe ka da “ai ba sa bin mutum”.

Baƙin da suka daɗe suna shan romo su ne jami'an diflomasiyya, saboda kariyar da yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta ba su. Masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, sun bincika bayanan New York suka tarar daga 1997 zuwa 2002 jami'an ƙasashen waje sun tara takardun tara sama da 150,000 da ba a biya ba, kuɗinsu ya haura dala miliyan 18. Da birnin ya fara ƙwace lambobin motocin masu bashi a ƙarshen 2002, abin ya faɗi da kusan kashi 98 cikin ɗari. Wannan duniyarsu ce, ba tamu ba.

Motar haya kuma a gajarce: tarar tana zuwa wa kamfanin ne, shi ya miƙa sunanka ga hukuma, ya cire kuɗin hidimarsa daga katinka. Wannan kuɗin ba tarar ba ce, tarar tana nan tafe, kuma a Italiya hukuma na da kwana 360 ta aika wa wanda ke zaune a waje, maimakon 90 na mazauni. Mutane da yawa suna ganin cirar farko su ɗauka sun gama.

Kada ka ɗauka ina wanke tsarin tas. Adadi ɗaya ba ya nufin nauyi ɗaya. Fam 80 ga mai gida da garejinsa kuɗin cin abincin dare ne, ga mai aikin dare da ke aika rabin albashinsa gida kuwa cefanen mako ne. Sannan baƙi sun fi zama a unguwanni masu cunkoso, inda gidaje ba su da harabar ajiye mota, inda kowane taku na titi yana da doka, inda jami'ai suka fi zagayawa. Binciken da kafar ProPublica ta wallafa a 2018 ya nuna yadda bashin tara a Shikago ya fi durƙusar da baƙaƙen fata masu ƙaramin ƙarfi, har yana kai dubbai ga bayyana karayar arziki a kotu. Ba a rubuta musu farashi na daban ba, amma tsarin ya fi cizo a unguwanninsu. Wannan abin a yi magana a kai ne da babbar murya, kuma ina cikin masu ganin bai kamata a bar tarar fakin ta ninka har ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba.

Haka nan abin da ke biyo bayan rashin biya ya fi tsauri a kan baƙo, domin shi zamansa a kan takarda yake. A Saudiyya bashin tarar hanya yana tsayar da bizar fita har sai an biya. Kuwait tun Agustan 2023 ta wajabta wa baƙo ya biya tarar hanya kafin ya bar ƙasar. A Birtaniya tarar fakin ba laifin da ke shiga kundin masu laifi ba ce, kuma guda ɗaya da aka biya ba ta saba hana mutum zama ɗan ƙasa, amma jagorar da jami'ai ke bi ta ba su damar duba wanda ya tara da yawa cikin ɗan lokaci ko ya ƙi biya har magana ta kai kotu. Wannan tsoro ne ke sa baƙi yin kuskure iri biyu masu karo da juna: wasu su ɓoye takardar su yi addu'a ta ɓace, wasu su biya a guje ko da gaskiyarsu, don kada sunansu ya shiga wani littafi. Na biyun ya fi ba ni tausayi. Ƙorafi kan tara haƙƙinka ne, ba ya taɓa izinin zamanka, kuma a Ingila ɗaukaka ƙara gaban alƙali mai zaman kansa kyauta ne, yawanci ta intanet ko waya. Na ga an soke tara saboda ganyen bishiya ya rufe allo, saboda layin ya goge, saboda na'urar biya ta lalace kuma direban ya ɗauki hotonta, saboda an rubuta tarar cikin minti goma na sassauci da dokar Ingila ta ba wanda lokacinsa ya ƙare a gurbin ƙaramar hukuma tun 2015. 'Yan ƙasa suna rubuta irin wannan ƙorafi ba tare da gabansu ya faɗi ba, shi ma wani ɓangare ne na dalilin da ya sa nasu lissafin ke fitowa ƙasa.

Wani abu da za ka tantance kuma: wa ya ba ka takardar? A Birtaniya akwai ta hukuma, akwai ta kamfanin da ke kula da filin kanti ko asibiti, kuma dukansu ana taƙaita sunansu da haruffa uku iri ɗaya, launinsu ma kusan ɗaya. Ta kamfani ba tara ba ce a shari'ance, neman kuɗi ne bisa yarjejeniyar da ake ɗauka ka amince da ita da ka shiga filin, yawanci har fam 100. Kada ka saurari masu cewa a yaga ta. Kotun Ƙolin Birtaniya a 2015, a shari'ar kamfanin ParkingEye da wani direba mai suna Beavis, ta tabbatar da cajin fam 85, kuma kamfani na iya kai ka kotu, hukuncin ya ɓata maka tarihin bashi shekara shida, abin da zai dawo ya same ka ranar neman hayar gida. Hanyar ƙorafinta daban ce da ta hukuma, tana rubuce a bayan takardar. Idan ma maƙwabcinka ta hukuma aka ba shi kai kuma ta kamfani, to tun asali ba abu ɗaya kuke kwatantawa ba.

Ga abin da nake so ka yi, Malam. Ka roƙi maƙwabcin nan ya nuna maka takardarsa ko rasit ɗinsa, ka ajiye kusa da taka. Ka duba sunan hukumar da ta bayar, lambar laifin, adadin farko kafin ragi ko ƙari, da ranar da kowannenku ya biya. Idan lambar laifi ɗaya ce, wuri ɗaya, adadin farko kuma ya bambanta, to kuskure ne ko zalunci, kuma kana da hujja mai ƙarfi: ka rubuta ƙorafi ka haɗa hoton takardun biyu, tare da izininsa. A iya shekarun da na yi ina wannan aiki, duk lokacin da muka jera takardu biyu haka, adadin farko ɗaya muke tararwa, bambancin na ƙasa, wurin kwanan wata. Daga nan ka ciro takardar mallakar motarka ka karanta adireshin da ke kanta da idonka, kada ka dogara da tunani. In tsohon gida ne, ka gyara yau, sannan ka kira hukumar garinku da lambar motarka ka tambaya ko akwai wata tara da ke kanta wadda ba ka sani ba. Idan ta ƙarshen nan ta ninka ne saboda wasiƙa ba ta same ka ba, ka nemi takardar rantsuwar da na ambata ko makamanciyarta a ƙasar da kake, ka haɗa da yarjejeniyar hayarka mai nuna ranar da ka tashi, ka aika kafin wa'adin da ke jikin wasiƙar ƙarshe ya cika.